"Wane bai taɓa faɗuwa ba": a wane nauyi, kuma da wa ya kara?

Da zarar gero ya shiga rumbu, musun kokawa ke dawowa majalisun Sakkwato. A teburin mai shayi, a tashar Illela, a ƙarƙashin bidiyon da aka ɗora a Facebook, magana ɗaya ce ke yawo. Wannan ya ce gwaninsa shekara uku ke nan bayansa bai taɓa ƙasa ba. Wancan ya ce ƙarya ne, an kayar da shi a wani ƙauye bara, sai dai ba a ɗauka a waya ba. Na uku ya rantse cewa da gwamnati za ta kai yaron nan Olamfik, zinare zai ɗauko. Ina son wannan musun, domin shi ne shaidar cewa kokawa na da rai a ƙasarmu. Abin da ke damuna shi ne duk cikinmu ba mai riƙe da hujja, kuma 'yan kokawar ne ke asara.

A duba maƙwabtanmu na Nijar. Tun 1975 suka fara gasar takobi, wato gasar kokawa ta ƙasa da ake ba zakaranta takobi, a Tawa, inda Kantu na Maradi ya fara ɗaukarsa. Kowace jiha cikin takwas na kawo mutum goma, tamanin ke nan, ana tankaɗe da rairaya har a bar biyu da ba su sha kaye ba. Shi ya sa idan ɗan Dosso ya ce Issaka Issaka ya ɗauki takobi karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023, ba mai tsayawa jayayya da shi a kan adadin. Musunsu ya wuce nan. Suna musu ne a kan wa ya fi dabara, wane zamani ya fi zafi, wa ya samu hanya mai sauƙi. Mu kuwa da ke 'yan kilomitoci daga Birnin Ƙwanni, har yau muna rantsuwa a kan ko an yi kayen ko ba a yi ba.

"Bai taɓa faɗuwa ba" ba tarihi ba ne sai an amsa tambaya uku: sau nawa ya shiga fage, da su wa, kuma a wane nauyi. Ƙato mai kilo 105 da ya kayar da samari ashirin masu kilo 70 bai nuna mana komai ba illa cewa ya fi su nauyi. Akwai kuma wanda ya iya zaɓen abokin karawa. Idan ya hango wanda zai ba shi wahala, sai ya ce kuɗin bai yi masa ba, ko ƙafa na ciwo, ya zauna a gefe ana ta zuba masa kirari. Irin wannan zai yi shekara biyar ba kaye. A wajena yaron da ya kara sau arba'in da tsararrakinsa, ya faɗi takwas, ya dawo ya rama biyar, ya fi shi nesa ba kusa ba. Haka maganar adawa: in wane da wane sun haɗu sau bakwai, huɗu da biyu da canjaras ɗaya, wannan adawa ce da za a zauna a tattauna. In kuwa sau ɗaya suka taɓa haɗuwa, shekara shida da suka wuce, ɗaya yana tasowa ɗaya yana gangarawa, magoya baya ne kawai ke hura wutar.

Gyaran ba shi da tsada. Sikeli ɗaya, littafi mai kauri, da mutum guda mai amana a bakin fage. A auna kowa kafin makaɗa su fara. A rubuta kwanan wata, garin, sunan yanka tare da laƙabi (domin laƙabi ɗaya sai ka iske mutum huɗu na amsa shi), ƙaramar hukuma, nauyi, abokin karawa, yadda aka ƙare, da minti nawa aka ɗauka. Alƙali ya sa hannu a ranar, kada a bari sai gobe, domin gobe labari ya riga ya sauya. Mai ɗaukar bidiyo ya fara tun daga shigowa fage har ɗaga hannu, ya daina yanko daƙiƙa goman kayen kaɗai. Inda ake samun matsala shi ne idan aka ba yaron uban gidan ɗan kokawa riƙon littafin, ko aka ƙyale manya suka ƙi hawa sikeli don ganin raini ne. In babba ɗaya ya ƙi, littafin ya mutu.

Sai maganar lambar yabo, inda muka fi yaudarar kanmu. Kokawar da ake yi a Olamfik, salon da ake kira freestyle, wasa ne daban da namu, ko da yake jininsu ɗaya. A fagenmu kaye ɗaya ya gama magana. A kan katifa kuwa zagaye biyu ne na minti uku-uku, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani. Ka kai mutum ƙasa ka hau bayansa, maki biyu ka samu, wasa na ci gaba. Ka ɗauke shi daga tsaye ka jefa shi ta baya, huɗu. Ka tura shi wajen da'ira, ɗaya. Ba a tashi sai ka danne kafaɗunsa biyu a katifa, ko ka ba shi ratar maki goma, ko lokaci ya cika. To ɗan fagenmu ya saba da zarar ya kayar ya saki, ya miƙe ya ɗaga hannu, ya nufi wajen makaɗa. A can wannan sakin shi ne ajalinsa, domin wanda ya kayar ɗin zai kama ƙafarsa ya mirgina shi. Kuma tun yana yaro an koya masa tsoron kai gwiwa ƙasa, alhali a katifa da gwiwa ake nutsawa a cafko ƙafa. Kokawar ƙasa, wato yadda za ka kare kanka kana kife mutum na neman juya ka, ba ta cikin abin da ya gada ko kaɗan. Ba a koyon wannan a zangon sati uku kafin gasa. Shekaru yake ci, kuma wanda ya haura ashirin da biyar da wuya jikinsa ya sake sabon karatu.

Ga kuma nauyi. Ajin maza a wannan salon a Olamfik shida ne: kilo 57, 65, 74, 86, 97 da 125. Ana awo da safiyar ranar wasa, wanda ya kai rana ta biyu a sake auna shi. A Paris a 2024, Vinesh Phogat ta Indiya ta kai wasan ƙarshe a ajin kilo 50, aka iske ta haura da giram 100, aka cire ta gaba ɗaya. Giram ɗari, ko rabin kofin fura bai kai ba. Yaron da bai taɓa sanin nauyinsa ba, ta yaya zai riƙe shi a kilo 74 wata da watanni? Laya da kambu da guru ba sa hawa katifa, mai a jiki ma alƙali na dubawa. Sannan abin da ba mu son faɗa a fili: ƙwaya. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta tiramol a lokacin gasa. Wanda ya saba haɗiya kafin ya shiga fage, fitsarinsa kaɗai zai raba shi da lambar da ya ci, ya jawo masa dakatarwa. Masu gidan da ke saya wa yaransu da sunan ƙarin ƙarfi, su ke rufe musu hanya.

Mu kuma lura da inda lambobin Najeriya suka fito. Lambar Olamfik ɗaya tak ƙasar nan ke da ita a kokawa, azurfar da Blessing Oborududu ta ci a Tokyo a 2021 a ajin kilo 68. Odunayo Adekuoroye ta kai wasan ƙarshe na gasar duniya a 2017, ta kuma ci zinare uku a jere a wasannin Commonwealth. Daniel Igali, ɗan Bayelsa, zinarensa na Sidni a 2000 Kanada ya ci wa. Duk da wannan ƙwarewar, a Paris Najeriya ta dawo hannu rabbana. Waɗannan mutane ne da suka shekara goma ko fiye a kan katifa, da koci da gasa a kai a kai. Bayelsa da Ondo, jihohin da suka fito, ba su fi Gwadabawa ko Tangaza ƙarfafan samari ba. Katifa suke da ita, da masu koyarwa, kuma suna kama yaro tun yana makaranta.

Don haka idan aka tambaye ni ina fatan lamba ga ɗan Sakkwato a yanzu, zan nuna ƙofofin da ke kusa. Akwai kokawar gargajiya a bikin wasanni na ƙasa. Akwai gasar ECOWAS, inda kowace ƙasa ke kawo mutum biyar a kilo 66, 76, 86, 100 da 120. A wadda aka yi a Abuja a watan Maris na 2025 Senegal ce ta zo ta ɗaya, Najeriya ta biyu. Akwai kuma kokawar rairayi ta hukumar kokawa ta duniya, wadda ta fi kowace kama da tamu: a tsaye ake yin ta cikin da'irar yashi mai faɗin mita bakwai, minti uku, wanda ya fara kai maki uku ya ci, kuma kai mutum ƙasa ta baya maki ukun ne a take. Ajin maza kilo 70, 80, 90 da sama da 90. Gwanin harɗiya da taɗiya daga fagen Wurno ko Gada zai gane wannan wasan cikin 'yan makonni. Abin da zai koya kaɗan ne: kada ya bari a tura shi waje, domin maki ne, kuma ya san agogo na tafiya.

Olamfik kuwa, Los Angeles ta 2028 ta yi kusa ga wanda bai taɓa taka katifa ba. Wanda ya kamata a yi wa wannan tanadin shi ne yaro ɗan sha biyu zuwa sha huɗu, irin waɗanda ake sa wa su share fage kafin manya su fito, ana jefa musu naira hamsin. A samo katifa ɗaya a ajiye a filin wasa na Giginya, koci biyu masu takarda, a zaɓo yara talatin daga ƙananan hukumomi bisa abin da littafin fage ya nuna, a yi musu takardar haihuwa ta gaskiya tun yanzu, domin gasannin 'yan ƙasa da 17 da 'yan ƙasa da 20 da fasfo ake shiga. A bar su da karatunsu, a ciyar da su, a kai su gasar matasa ta ƙasa kowace shekara ko da za su sha kaye a zagayen farko. Kuma lokacin kaka a sake su su koma fagen garinsu, a auna su kamar kowa, a rubuta.