Wai addu'a a ɗaki ta isa, ba sai an je coci ba?

Ina yawan jin wannan maganar, musamman wajen matasanmu, wai ai Yesu da kansa ya ce ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa ka yi addu'a, to zuwa sujada ran Lahadi na mene ne kuma. Gaskiya abin yana damuna sosai. Eh ya faɗa, yana nan a Matiyu 6:6, amma dan Allah ku duba ayar da ke samanta, da munafukai yake, masu tsayawa addu'a a bakin titi don mutane su gani su yaba musu, ba taron masu bi ya hana ba. A wannan surar dai ya koyar da addu'a, kuma da Ubanmu ya fara, bai ce Ubana ba. Luka 4:16 ma ya nuna shiga majami'a ran Asabar al'adarsa ce.

Wa'azi kam za ka iya ji a waya, ban musa ba. Amma jibin Ubangiji fa, wato gurasa da ruwan inabin da masu bi ke tarayya a kai don tunawa da Yesu, kai kaɗai za ka ci a ɗaki? Ranar da aka yi maka rasuwa, 'yan zumuntar mata ne za su cika gidan da waƙoƙin yabo da kulolin abinci, su zauna da kai har dare.