Rediyon mahaifina

Wallahi wani rahoto da na ci karo da shi kan yadda abin da yaro ya sa a ransa yake bin sa har girma ya taɓa min zuciya. William Kamkwamba na Malawi yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin da iska ke juyawa da tarkacen keke, ya samar wa gidansu wuta. Ni ma ina kamar shekarunsa na kwance tsohuwar rediyon mahaifina, na baje wayoyinta a ƙasa, dalma ta ƙona min yatsa, har yau tabon na nan. Daren da ta kama tasha ban runtsa ba. Yanzu shekarata 20 ina aikin lantarki. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ya tarar da ni ko faɗa bai yi ba, fitila ya ɗauko ya haska min.