Otal a Paris ba a taya shi a bakin ƙofa

Mutanenmu na Yamai da yawa na cewa in za ka Paris a Afrilu ko Mayu kada ka kama ɗaki tun daga gida, ka bari sai ka sauka ka taya, mai otal zai rage don kada ɗakinsa ya kwana ba kowa. Maganar tana da dalili, domin a ƙananan masaukai na nan Yamai ciniki yana aiki.

Can lissafin daban ne. Lokacin da muke fama da zafin bazara, su sanyi ya wuce, masu yawon buɗe ido sun cika gari. Kwamfuta ce ke tsara farashi: ɗakuna na ƙarewa, kuɗi na hawa, kuma ma'aikacin da ke tarbar baƙi galibi ba shi da ikon ragewa.

Ɗauki ƙarshen Mayu, lokacin gasar tanis ta Roland-Garros. Wanda ya kama ɗaki tun Fabrairu, mai sharaɗin fasawa kyauta, ya zaɓi mai araha. Wanda ya iso da akwati a hannu sai ragowa mai tsada. Sauƙi ya fi samuwa a gefen gari, kamar Montreuil, inda layi na 9 na metro, wato jirgin ƙasan cikin gari, ke kaiwa.