Samari, Napep Ba Ɗakin Kwana Ba Ne

Ran kasuwa ko ran makaranta, ka tsaya shataletalen Ƙofar Ƙaura a Katsina da hantsi ka dubi napep ɗin da ke wucewa. Sai ka ga saurayi a kujerar gefe, kai ya langaɓe waje, baki buɗe, waya a hannu, igiyar sauraro toshe a kunne. Wallahi abin yana ƙona mani rai.

'Yan uwana, napep ƙafa uku gare ta kuma ba ta da ƙofa. In direba ya sha kwana da gudu, nauyin jiki waje yake yi. Mai ido biyu zai dafe ƙarfe ya tokare da ƙafa ba tare da ya yi tunani ba. Mai barci jikinsa a sake yake, sai dai a tsince shi bisa kwalta, kuma kansa ne ke fara isa ƙasa. In burki aka taka da ƙarfi, goshi da haƙora su ke gamuwa da ƙarfen bayan direba. Gwiwar hannun da ta leƙa waje, ɗan acaɓa ko mota mai tsagawa ta gefe ta isa ta karya ta. Ƙannena mata, in kika yi gyangyaɗi, wa zai lura da bakin hijabinki in iska ta kai shi wajen taya? Wuya yake shaƙewa.

Ɗan sane kuwa mai barci yake nema. Reza ɗaya, aljihun gefe ya buɗe. Ba wayar ce kaɗai asarar ba: layin da ke haɗe da banki yana ciki, in ba ka sa masa lambar sirri ba, kafin ka farka ka sa a rufe an yashe asusun. Ba a ɓari a kwashe duka.

Kuma mi ya kawo barcin? Da a ce leburan da ya wuni yana ɗaukar bulo ne, sai a tausaya. A'a, hira a TikTok har asuba, wani ma ƙwaya ce ta narkar da shi. In ya faɗi a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sakaci dai.

Haka a motar Daura, mutum ya nemi gidan gaba, kafin a kai Mashi ya fara minshari, direba ma ido ya yi masa nauyi. In barci ya rinjaye ka, zauna tsakiya, jaka bisa cinya, waya cikin aljihun ciki, ko ka sauka ka wanke fuska.

Da can yaro ba ya iya miƙe ƙafa ya yi barci kusa da dattijo, kuma wanda ke gefenka zai taɓa ka ya ce "ɗan samari, gyara zama." Yanzu kowa ya duƙa kan wayarsa, ana kallon mutum yana sulalewa ba mai tanka masa, wani ma hoto zai ɗauka.