Wace rana ake yi wa naku tambayoyi?

Ranar Laraba muna hutun rana a wajen aiki, talabijin na nuna Majalisar Birtaniya, sai wata abokiyar aikina ta juyo ta ce, "Ku a Najeriya wace rana ake yi wa shugabanku tambayoyi?" Ba da wata manufa ta faɗa ba, amma wallahi maganar ta tsaya mini a rai.

Ga wanda bai taɓa gani ba: duk Laraba da ƙarfe 12 na rana, muddin majalisa na zama, dole Firaminista, ko mai wakiltarsa idan ba ya nan, ya zo ya amsa tambayoyi. Ɗakin ma ƙarami ne, bencina kore suna fuskantar juna, ba sa isar 'yan majalisa 650, wasu a tsaye suke cirko-cirko a bakin ƙofa. Jagoran adawa yana da tambaya 6, ya miƙe ya jefa, Firaminista ya miƙe ya amsa, ana ihu, Kakaki na tsawatarwa kamar malamin firamare. Rabin awa ake yi. A Oktoban 2022 Firaminista Liz Truss ta sha wannan matsa kan tsarinta na rage haraji, washegari ta sanar da murabus.

Ban ce duk abin kirki ne ba. Da yawa wasan kwaikwayo ne, a tambayi mutum gabas ya amsa yamma. Amma kwamitin da ya yanke a 2023 cewa tsohon Firaminista Boris Johnson ya yaudari majalisa da gangan, yawancin membobinsa 'yan jam'iyyarsa ne.

Mu kuwa kun san labarin. Bayan kisan manoman Zabarmari a 2020, Majalisar Wakilai ta gayyaci Shugaba Buhari, aka sa rana, bai zo ba, ministan shari'a ya ce ba su da hurumin kiransa. Shi ke nan, aka wuce wurin. Na san za a ce tsarin ba ɗaya ba ne, tun 1979 muke bin na shugaban ƙasa irin na Amurka. Na yarda. To ai sashe na 88 na kundin tsarin mulki ya ba su ikon bincike. Sanatoci 109, wakilai 360, a kafa kwamiti, a yi zaman jin bahasi, rahoton ya shiga durowa.

Kuma na san abin da wasu za su ce: wanda ya gudu ya bar ƙasa ba shi da bakin magana. Wannan ce ke yi mini ciwo. A nan Birtaniya ina da damar zaɓen ɗan majalisa, na rubuta masa wasiƙa ofishinsa ya amsa. A ƙasar da aka haife ni kuwa, muddin ina waje, ko ƙuri'ar kansila ba zan jefa ba.

Ita abokiyar aikin tawa, ce mata na yi namu tsarin daban ne, na ɗauki kofina na koma bakin aiki.