Batun Yi wa Ciwon Daji Horon Yunwa

Kwanan nan wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp a nan Zariya, wai idan mai ciwon daji ya ƙaurace wa abinci kwana goma, ruwa kaɗai yake sha, ƙarin da ciwon ya haifar a jikinsa zai mutu da yunwa. Maganar tana da ɗan tushe, shi ya sa take ruɗar har masu ilimi.

Tun shekarun 1920 Bajamushen nan Otto Warburg ya lura ƙwayoyin kansa suna zuƙar sukari fiye da lafiyayyun ƙwayoyi, a 2008 kuma Valter Longo da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ɓerayen da aka hana abinci kwana biyu sun fi jure kemo mai ƙarfi, wato maganin da ake kashe ƙwayoyin kansa da shi. Sai dai jikin mutum ba ya yarda sukarin jini ya ƙare. Ajiyar hanta takan ƙare cikin kimanin kwana guda, daga nan jiki ya koma ƙona kitse, hanta kuma ta riƙa haɗa sabon sukari daga sinadaran tsoka, domin jajayen ƙwayoyin jini ba su da wani makamashi sai shi. Ke nan ƙari yana samun rabonsa, majinyaci ne ke zubewa.

Gwajin da aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a Holan, aka wallafa shi a 2020, kan mata 131 masu sankarar mama. Ba a hana su abinci gaba ɗaya ba, an dai rage wa kusan rabinsu shi ƙwarai na 'yan kwanaki kafin kowane kemo, likitoci na sa ido, kuma ba a ɗauki ramammu ko masu ciwon suga ba. An ga alamun amfani, amma yawancin waɗanda aka rage wa abincin sun kasa ɗorewa har ƙarshe, sannan ba da yunwa aka maye gurbin magani ba.

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin koyarwa na Shika ya san yadda majinyatanmu ke isa asibiti: a makare, bayan an gama zagayen masu magani, ƙashin wuya duk a waje. Irin wannan idan ya ƙara ramewa, kemon ma likita kan ɗaga shi. Masu haɗa batun da azumin Ramadan kuwa sun manta akwai sahur da buɗa-baki, kuma addini ya ba marar lafiya rangwame. Ni a ganina, majinyacin da cokali uku na kunun gyaɗa ke gagararsa, aikin danginsa shi ne lallaɓa shi ya sha na huɗu.