Cin amarci a kan Kilimanjaro: a je, amma ba a makon biki ba

Ango da amaryar da suka ce sun gaji da zancen otal da bakin teku, su a kan dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya za su ci amarcinsu, ni ban ga aibunsu ba. Dutse ne da ake hawa da ƙafa, ba igiya ba ƙusa, kuma dokar gandun dajin da dutsen ke ciki ta wajabta tafiya da ja-gora mai lasisi, saboda haka ba maganar ɓata a daji. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗaura aure ranar Asabar, a yi buɗar kai Lahadi, ranar Laraba kuma a tsinci amarya a ƙofar Machame, ɗaya daga mashigan dutsen, da jaka a baya. Wannan ganganci ne.

Ƙololuwar dutsen, wadda ake kira Uhuru, tana kan mita 5,895 daga matakin teku. Kano ba ta wuce mita 500 ba. Jos da muke wa kirarin sanyi tana wajen 1,200. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne, ciwon da ƙarancin iska ke jawowa kuwa yawanci daga mita 2,500 yake fara kama mutum. Ke nan duk wanda bai taɓa barin ƙasar nan ba, jikinsa bai taɓa ɗanɗana abin ba ko sau ɗaya. A can sama, numfashi ɗaya rabin oksijin ɗin da ka saba samu a gida yake ba ka. Kuma ciwon ba ya duba ƙirji ko damtse. Ɗan ƙwallo mai shekara 25 na iya zubewa yana amai, dattijuwa ta zo ta wuce shi da sandarta.

Alamomin farko su ne ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, kasala da ƙin abinci. To a duba amaryar da ta fito daga kamu, sa lalle, walima da liyafar dare, ta yi mako guda ba ta yi barcin kirki ba. Duk waɗannan alamomin da su ta taho daga gida. Ta yaya ja-gora zai bambance gajiyar biki da ciwon dutse? Ga kitson amarci da aka ja shi tamau har goshi na sheƙi, shi kaɗai ya isa ciwon kai na kwana uku, balle an danne shi da hular ulu. A tsefe shi a yi sassauƙa. Sai ƙunshi: safe da yamma ja-gora zai maƙala wa kowa wata 'yar na'ura a yatsa don auna oksijin na jini, baƙin lalle da jan farce kuma na iya sa ta karanta ba daidai ba. A bar yatsa ɗaya fari. Zoben aure ma a ajiye shi a masauki a Moshi, garin da ke gindin dutsen, don yatsu kan kumbura a sama, cire shi ya zama rigima.

Wata biyu ko uku bayan biki ya fi. A cikin wannan lokacin a sayi takalmin hawa a tattaka shi sosai, a riƙa tafiyar awa huɗu zuwa shida a ƙarshen mako da jaka mai kilo biyar a baya, hawa da gangara. Sabon takalmi ranar farko zai yi maka bororo a dunduniya, kuma da shi za ka ƙarasa mako.

Akwai magana biyu da kamfanonin yawon buɗe ido ba su cika yi ba, don yawancin baƙinsu Turawa ne, alhali mu ta fi shafa. Ta farko rukunin jini. Mai sikila, wato SS, wannan tafiya ba tasa ba ce sam. Mai AS kuwa, wanda lafiyarsa ƙalau a gida, kuma irinsa na da yawa a cikinmu, ƙarancin iska da ƙishirwa na iya sa jininsa ya toshe a saifa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Tun da yanzu ana gwajin jini kafin aure, sakamakon na hannunku, ku kai wa likita ku gaya masa tsawon dutsen ƙarara. Ta biyu juna biyu. Amarya na iya ɗauke da cikin mako biyar ba ta sani ba. A yi gwaji kafin a biya kuɗi, a sake yi kafin a tashi. Maganin da ake sha don taimaka wa jiki ya saba da sama, Diamox, miligiram 125 sau biyu a rana daga jajiberin hawa, ba a son mai ciki ta sha. Sauran mutane ma likita ne zai rubuta, kuma a gwada shi kwana biyu a gida. Yana sa yawan fitsari da jin kamar tururuwa na bin yatsu, gara ka san haka tun a ɗakinka.

Batun hanya kuwa, kada arha ta ruɗe ku. Marangu ta kwana biyar ita ce mafi sauƙin kuɗi, kuma a kanta mutane da yawa ke juyowa, domin ranar uku ka riga ka kai bukkar Kibo, mita 4,700, jiki bai gama fahimtar abin da ke faruwa ba. Ƙa'idar likitocin hawa ita ce bayan mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda. Ƙari a kan haka, a Marangu ɗakunan kwana na taro ne, gado kan gado, da baƙin da ba ku sani ba. Wane ango ne zai so haka? Lemosho ta kwana takwas, ko Machame ta kwana bakwai, tanti naku ku biyu. Amfaninsu babba shi ne ranar da ake hawa Lava Tower, wajen mita 4,600, a ci abincin rana a can, sannan a gangaro Barranco, ƙasa da mita 4,000, a kwana. Jiki ya leƙa sama ya dawo ya huta. Ja-gororin za su yi ta ce muku "pole pole", wato sannu sannu da Suwahili, har ku ji kamar ana raina ku. Ku bi. Ruwa lita uku zuwa huɗu kullum.

Amarcin kansa fa? A faɗi gaskiya, babu shi a kan dutsen. Babu wanka har a sauko. 'Yar roba ta ruwan ɗumi ake kawowa bakin tanti safe da yamma, ta wanke fuska da hannu. Kowa na cikin jakar barcinsa da riga uku, zanen tanti kuma ba ya tare ko tari. Wankan janaba a mita 4,000 da asuba, ruwa na daskarewa a gora, neman ciwo ne. Ku tambayi malaminku hukuncin taimama, ƙasaru da haɗa salla kafin ku tafi, duwatsun taimama dai ba za ku rasa ba. Alƙibla a can arewa take, ba gabas da muka saba ba. Ku kuma gaya wa kamfani tun farko cewa naman halal kuke so.

Daren ƙarshe shi ne jarrabawar. Daga sansanin Barafu, wajen mita 4,670, ana tashi da tsakar dare da tocila a goshi. Awa shida zuwa takwas ana hawa a kan tsakuwa mai zamewa, sanyi na iya kai digiri 15 ƙasa da sifili ko fiye. Bututun jakar ruwa kan daskare, don haka a zuba ruwan ɗumi a gora, a sa ta cikin safa, a kife ta a jaka, tun da daga sama ruwa ke fara ƙanƙara. Waya a sa ta cikin riga kusa da fata, in ba haka ba batir ya mutu kafin hoto. Ana isa Stella, mita 5,756, wajen fitowar rana, daga nan kusan awa guda zuwa Uhuru. Minti goma sha biyar a sama, sai gangara har sansanin Mweka, wajen mita 3,100. Ranar kan ci awa 12 zuwa 15.

A wannan daren ne ake yin kuskuren da ya fi tsorata ni. Amarya ta ji kanta na sarawa, tana tangaɗi, amma kunyar sabon aure da tunanin kuɗin da aka kashe su sa ta ce lafiya lau. Ko ango ya ɓoye nasa don kada a ce matarsa ta fi shi. Tafiya kamar ɗan maye, magana ba kan gado, haki ko a zaune, tari mai kumfa, waɗannan alamun kumburin ƙwaƙwalwa ne ko ruwa a huhu, kuma suna kisa cikin sa'o'i. Maganinsu sauka nan take, ko da ƙarfe uku na dare ne. Saboda haka tun a gida ku zauna ku yanke: in ɗaya ya kasa, tare za a juyo ko ɗayan zai ƙarasa? Ni a ganina tare za a juyo. Amma ko me kuka zaɓa, sai kuna da ja-gora biyu, babba da mataimaki, da tulun oksijin na gaggawa. Ku nemi a rubuta muku wannan a takarda.

Kuɗin gandun kaɗai, da haraji, ya doshi dala 1,000 ga mutum ɗaya a tafiyar kwana bakwai. Duk kamfanin da ya ce zai kai ku a dala 1,300, daga cikin 'yan dako ya yanko. Ku biyu za ku iya tafiya da ma'aikata goma ko fiye, kayan kowane ɗan dako bai kamata ya wuce kilo 20 ba, taku jakar kuma kilo 15. Ku duba ko kamfanin na cikin tsarin KPAP mai sa ido kan haƙƙinsu, ku ware tukuici daban, ku yi inshorar da ta kai mita 6,000.

Lokacin rani a can Janairu zuwa tsakiyar Maris ne, da Yuni zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu ruwa ne da taɓo. Katin rigakafin shawara dole ne ga wanda ya fito daga Najeriya, biza kuma tun daga gida ake nema, tana ɗaukar makonni. In kun sauko kun yi wanka a Moshi, Zanzibar tafiyar kusan awa guda ce a jirgi. Ku ware mata kwana huɗu, a zaɓi ɗakin ƙasa, domin kwana biyun farko cinyoyi ba za su yarda da matakalar bene ba.